Hoton waya ba awo ba ne

Duk shagon telan da ka leƙa a Damagaram cikin goman ƙarshe na azumi, daga bakin Kasuwar Dole har lungunan Birni da Zango, magana ɗaya ake maimaitawa. Mai kaya ta dire turmin atamfa a kan tebur, ta miƙa waya, ta ce, "Maigida, irin wannan sak nake so." Tela ya dubi hoton, ya dubi tulin ɗinkin da ke jiransa, ya ce, "An gama, Hajiya." Daren jajibir sai a rabu baram-baram. Ita ta ce ya ɓata mata kaya, shi ya ce abin da ta nuna masa shi ya ɗinka. Abin takaicin shi ne, sau da yawa dukansu gaskiya suka faɗa. Ɗinkin ya yi kama da na hoton. Jikin da ya shiga cikinsa ne daban, ƙyallen ma daban, kuma kama da wane ba ta wane.

Ra'ayinmu a nan shi ne a sauya inda ake fara magana. A fara da tef ɗin awo da ƙyallen da ke hannu, hoto ya biyo baya a matsayin shawara. Tela kuma ya daina jin nauyin cewa, "Hajiya, wannan ba zai karɓe ki ba, ga wanda zai fi." Wanda ya yi shiru ya karɓi kuɗi alhali tun kallon farko ya san ƙarshen aikin, yana da nasa kason na laifi.

Akwai wani darasi da ya cika wayoyi, mai raba jikin mata gida huɗu ko biyar, ana ba kowane gida sunan ɗan itace ko na wani abu: wannan tuffa ce, waccan mai faɗin ƙasa ce, wata kuma miƙaƙƙiya ce kamar sanda. Ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, amma an gina shi a kan tufafin Turawa masu bin jiki, kuma manufarsa guda ce, wato kowace mace ta fito da siririn ƙugu tsakanin faffaɗar kafaɗa da faffaɗan mazaunai. Irin wannan siffar ce Christian Dior ya sake yayatawa a birnin Paris a 1947, kuma har yau ita ake tallatawa. Tufafinmu kuwa ba daga ƙugu suke tashi ba. Bubu, doguwar riga, kaftani, jamfa, babbar riga, hijabi, duk a kafaɗa suke rataye, nauyinsu ya zubo ƙasa. Saboda haka tambayar da ta dame mu ba ta sunan ɗan itace ba ce. Tambayoyinmu su ne: yaya kafaɗar take, ina ne jiki ya fi faɗi, ina tufar za ta tsaya, kuma ƙyallen zubowa yake ko tsayawa.

Kafaɗa ita ce tushe, kuma ita ce wurin da in an yanka ba daidai ba, gyara ya yi wuya. Tun ran gini, tun ran zane. Ana auna ta ta baya, daga ƙarshen ƙashin kafaɗa ɗaya zuwa ɗayan, tef yana bi ta gindin wuya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga mutum mai jiki a ƙara masa faɗin kafaɗa. Ƙiba ba ta tsawaita ƙashi. Mace mai ƙirji santimita 115 tana iya samun kafaɗa daidai da ta mai santimita 95. In aka ƙara, ɗinkin hannu zai sauko kan damtse, wuyan riga ya buɗe ya riƙa zamewa gefe, mai rigar ta yini tana jan ta sama. Bayan faɗi akwai gangare. Yawancin mutane kafaɗarsu kan sauka da santimita 4 zuwa 5 daga wuya zuwa ƙarshen ƙashi, amma akwai mai miƙaƙƙiyar kafaɗa, akwai mai zubabbiya. In aka yanka wa mai zubabbiyar kafaɗa yankan gama-gari, ƙyalle zai taru ya yi tamoji daga wuya zuwa hammata. In mai miƙaƙƙiya ce, rigar za ta ɗage a gindin wuya ta baya. Santimita ɗaya ko ɗaya da rabi kawai ake ragewa ko a ƙara a gangaren, tamojin ya ɓace.

Sai ƙirji, inda ya kamata a yi awo biyu, ba ɗaya ba. Na farko a sama, tef ya bi ta ƙarƙashin hammata ya haye saman ƙirji. Na biyu a inda ƙirjin ya fi cika. In bambancin bai wuce santimita 5 ba, yankan da aka saba ya isa. In ya kai 10 ko fiye, to kafaɗa da wuya da hammata su bi awon sama, ƙarin da ake bukata a sa shi a gaban riga kaɗai, a kuma ƙara wa gaban tsawon santimita 2 zuwa 4. Dalilin a fili yake: ƙyallen gaba tudu yake hawa kafin ya sauka, na baya kuwa kai tsaye yake zubowa. Wanda ya yanka gaba da baya tsawo ɗaya, rigar za ta ɗage ta gaba ta ja ƙasa ta baya. Kamun da ake yi don ƙyalle ya bi tudun ƙirji kuma kada bakinsa ya kai tsakiyar tudun. Ya tsaya santimita 2 zuwa 3 kafin nan, in ba haka ba sai ya yi tsini.

A nan dole a taɓo abin da kowa ya sani. Mata da yawa ba sa yarda namiji ya auna su, kuma suna da hujjarsu, sai su aiko da rigar awo. Ba laifi, amma rigar awo tana da sharuɗɗa. Ta zama wadda ake sawa yanzu, ba ta kafin haihuwar fari ba. Ta zama ta ƙyallen da ba ya miƙewa, don in aka kwafi awon riga mai roba aka yanka atamfa da shi, ko kai ba zai shiga ba. Kuma a faɗa wa tela aibinta: tana kama ni a damtse, tana ɗagewa ta gaba. In ba a faɗa ba, da aibin zai kwafe ta. Mafi kyau dai ƴar'uwa ta auna ki a gida, a kan rigar ciki marar kauri, kina tsaye yadda kika saba tsayuwa, ba tare da kin haɗiye ciki ba. A rubuta lambobin, a rubuta kwanan wata, a kuma rubuta ko santimita ne ko inci. Telolinmu da santimita suka fi aiki, na Kano da inci, tef ɗin kuma fuska biyu gare shi. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka takardar da ba a bayyana ma'auninta ba tana iya jawo asarar turmi guda.

Awon jiki ba shi ne awon riga ba. Tsakaninsu akwai walawa, wato rarar da ke ba mutum damar numfashi da zama da ɗaga hannu. Atamfa da shadda ba sa miƙewa ko kaɗan. Riga mai bin jiki tana bukatar rarar santimita 5 zuwa 8 a ƙirji, 2 zuwa 4 a ƙugu, 5 zuwa 8 a mazaunai, da aƙalla 5 a damtse. Mai matsakaicin saki tana son 10 zuwa 13 a ƙirji. Daga 20 zuwa sama an shiga sahun bubu. Mazaunai kuwa a auna su sau biyu, a tsaye da a zaune, domin jiki yana bajewa in an zauna, kuma awon zaune shi ne mafi ƙarancin abin da siket zai iya zama. Yawancin zif ɗin da ke fashewa a gidan biki, a tsaye aka auna masu su.

Wannan ne ya sa hoto ke yaudara. Wadda ke cikin hoton tsaye take, ta karkace ta riƙe numfashi na daƙiƙa biyu. Sau da yawa ƙyallen mai roba ne, ko an kame rigar ta baya da fil, ko akwai koset, wato rigar nan mai matse ƙugu, a ciki, ko an gyara hoton kansa. Ba za ta hau kabu-kabu ba, ba za ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa ba, ba za ta yi ruku'u da zaman tahiya a cikin rigar ba. Ke kuwa duk za ki yi.

Yanzu ga wurin da siffar doguwar riga ke yankuwa, wanda masu darasin ƴaƴan itace ba su san da shi ba, domin ba da atamfa suke aiki ba. Turmi yadi 6 ne, kusan mita 5 da rabi, faɗinsa kuma tsakanin santimita 115 da 120. Zanen atamfa galibi an buga shi ne don ya tsaya daidai in an ɗaura zane, wato faɗin ƙyallen shi ne tsawon tufa. To mace mai tsawon santimita 165, daga kafaɗarta zuwa ƙasa wajen 140 ne. Ka ga faɗin atamfa ya gaza da santimita 20 zuwa 25, ban da kalmasa. Hanya biyu ce: ko a yanka a tsawon ƙyallen, zanen ya kwanta a kaikaice, tsuntsu ya koma yana tashi ta gefe, ko a yi haɗi. Kusan kullum haɗi ake yi. Inda aka sa layin haɗin nan, nan ido zai raba jikin mai rigar biyu, kuma shi ne babban zaɓin da ya kamata a tattauna kafin almakashi ya taɓa ƙyalle.

Haɗi a ƙarƙashin ƙirji yana sa ƙafa ta yi tsawo. Ya dace da gajeriya, da mai tumbi, da mai shayarwa wadda jikinta bai koma ba. Sharaɗinsa kada a yi tattara a gaba, don tattarar atamfa tsayawa take yi, sai a riƙa yi wa mutum barka da abin da babu. A yanka ƙasan da buɗewa a hankali, gaban ya kwanta sumul. Haɗi a ƙugu ya dace da wadda ƙugunta ya fita sosai, amma a nemo ƙugun gaskiya: a ɗaura zare a ciki, ta lanƙwasa dama da hagu, inda zaren ya zauna nan ne. Daga gindin wuya zuwa nan wajen santimita 40 ne ga mai matsakaicin tsawo. In nata ya gaza haka sosai, gangar jikinta gajeriya ce, kuma haɗi a ƙugu da faffaɗan ɗamara zai sa ƙirji ya zauna a kan mazaunai. Irin wannan ce haɗin ƙasa, wanda ake kira tai-bas, ya fi karɓa, domin yana tsawaita gangar jiki. Amma tai-bas ɗin nan da ake ɗinka wa kowa, in ya faɗa a kan gajeriya mai cikar mazaunai, ya ja layi daidai inda ta fi faɗi, ya kuma cinye mata ƙafa. Ita gara a kai haɗin can ƙasan gwiwa, ko a sa shi sama a yankin kafaɗa, rigar ta zubo ba yankewa.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin duk wannan guda ce, kuma ta shafi bakin riga da bakin hannu da layin aiki: duk inda ƙyalle ya ƙare ko ya yanke, nan ido ke tsayawa, saboda haka kada ya ƙare a inda jiki ya fi faɗi. Rigar da ake sawa da zane ko siket ta tsaya ko dai a saman mazaunai ko ta wuce su da kamu guda. Hannu kada ya ƙare a tsakiyar damtse mai kauri, ko daidai layin ƙirji ga mai cikar ƙirji. Ya wuce gwiwar hannu. Riga mai baza a ƙugu ta fara bajewa daga inda jiki ya fi siranta.

Mai ƙaramar kafaɗa da faɗin ƙasa ita ce kumburarren hannu da faffaɗan wuya suka yi wa rana, don suna daidaita sama da ƙasa. Siket ɗinta kuma a yi shi yanki shida ko takwas, kowane yanki siriri a sama mai faɗi a ƙasa, maimakon tattara. Tattara tana cin ƙyalle ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na awon ƙugu, kuma duk wannan ƙyallen a kan kwankwaso yake taruwa. Mai faɗin kafaɗa da ƙaramin ƙasa akasin haka take so: hannu marar kumburi, wuya mai ɗan tsawo zuwa ƙasa, buɗewar kuma a ƙasa. Sai dai akwai abin da ake mantawa. A garin nan yawancin mata da hijabi ko mayafi ko lafaya suke fita, don haka siffar da ake gani a titi ta abin da aka yafa ce a kan rigar. Hannun da aka cusa wa abin tauri ya tsaya ƙiƙam, in hijabi ya hau kansa, sai mace ta fito da kafaɗu kamar ɗan kokowa zai shiga fili. Wadda ta san rigar fita ce ba ta zaman ɗaki ba, ta rage kumburin. Lafaya ma, mai mita 4 zuwa 5 da ake naɗawa, ta fi kwanciya a kan riga mai santsi marar tattara.

Siket mai tsukewa a gwiwa ya buɗe a ƙasa yana da kyau a tsaye, ba musu. Amma tsukewar kada ta gaza awon mazaunai da fiye da santimita 8 zuwa 10, kuma buɗewar ta fara a saman gwiwa da ɗan kaɗan. In ta fara a ƙasan gwiwa, taku ya zama na kaza mai dabaibayi. Dogon siket marar tsaga yana bukatar bakin ƙasa na wajen santimita 150 kafin a yi cikakken taku.

Ko zane, da ake ganin ba ya bukatar tela, yana da lissafi. Falle ɗaya yadi 2 ne, santimita 183. Mai mazaunai 95 zai zagaye ta kusan sau biyu. Mai 125 kuwa abin da zai hau kan juna bai kai santimita 60 ba, tana taku yana buɗewa. Ninki ɗaya da rabi na awon mazaunai shi ne mafi ƙaranci, kuma mai jiki ta ce a yanka mata yadi 2 da rabi tun farko, a yi riga da kallabi da sauran 3 da rabin. Doguwa kuma, wadda faɗin atamfa ba ya bar mata abin naɗewa a ƙugu, a ƙara mata ƙyallen santimita 10 zuwa 15 a sama, inda riga za ta rufe.

Koset dai, a ganinmu, kayan amarya ne na awa uku, ba na Sallah ba. Naman da ya matse ba ɓacewa yake ba, sama da ƙasa yake gudu, ya fito a hammata da saman kwankwaso. Ga kuma zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga shafi ninki biyu da ƙashin roba. Wadda ta nace, kada a rage fiye da santimita 5 daga ƙugunta, kuma a yi shi da igiya ta baya maimakon zif, don a iya sassautawa bayan an ci abinci.

Maza sukan ɗauka wannan zancen mata ne, alhali kuskuren da ake gani a masallacin Juma'a bai gaza na gidan biki ba. Samari sun koma jamfa mai kama jiki da wando tsukakke. Ga siriri mai miƙaƙƙen ciki babu laifi, muddin an bar santimita 10 zuwa 12 a ƙirji. Kaftani na sosai yana son 15 zuwa 20. Matsalar tana wurin mai tumbi. In aka auna ƙirjinsa kaɗai, rigar za ta ɗame a ciki, maɓallai su buɗe baki, gaban ya ɗage har a ga mazagin wando. Gyaran irin na mai cikar ƙirji ne: kafaɗa ta bi ƙashi, faɗi ya bi cikin, a ƙara wa gaba santimita 2 zuwa 4, tsagar gefe ta fara daga sama kaɗan don rigar ta buɗe in ya zauna. Aikin wuya kuma kada ya ƙare a kan tudun cikin kamar ana nuna shi da yatsa. Ko ya tsaya a ƙirji, ko ya zama siririn layi da ya wuce ƙasa. Gajere ya sa riga da wando na ƙyalle ɗaya, rigar ta tsaya a gwiwa ko ƙasa da ita kaɗan, ba a tsakiyar ƙwauri ba. Dogo siriri kuwa shadda mai tauri da faffaɗan aiki suna cika shi.

Wando a hantsa yake lalacewa. Ana auna zurfinta mutum yana zaune a kan benci, daga inda yake ɗaura wando zuwa bencin, a ƙara santimita 3, ko 5 ga mai yawan zama a ƙasa. Cinya kuma a ba ta 8 zuwa 10. Magabata da suka yi buje mai ƙatuwar hantsa ba wauta suka yi ba. Duk wanda ya kalli mahaya a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan Sallah ya ga amfaninta. Haka ɗan ƙyallen nan mai kusurwa huɗu da suke sawa a hammatar taguwa. Telan yau in an ce hannu yana kamawa sai ya zurfafa hammata, alhali hammata mai zurfi ita ke sa duk rigar ta tashi sama in an ɗaga hannu. Abin da ake so hammata ta matso kusa da jiki, faɗin ya tafi damtse da baya.

Babbar riga, wadda da ƴar ciki da wando takan ci shadda mita 9 zuwa 10, ita aka fi zalunta da zaton cewa babba ba ta bukatar awo. Faɗinta daga wuyan hannu zuwa wuyan hannu ne in mutum ya buɗe hannuwa. In ya zarce haka, ƙyallen da za a naɗe a kafaɗa zai yi tudu ya haɗiye wuya, gajere ya koma kamar an kifa masa tanti. Girman aikin da ake yi mata, wato aska da tambari, shi ma ya bi girman mai rigar. Aska takwas da aka zana don ƙato, in aka sa wa gajere, bakinta sai ya kai gwiwa. Hula kuma mai zagayayyar fuska ya nemi mai ɗan tsawo, mai doguwar fuska ya nemi gajeriya.

Ƙyalle kansa rabin siffa ne. Shadda da sabuwar atamfa tsayawa suke, suna yin nasu fasalin nesa da jiki, saboda haka suna ƙara wa mutum girma amma suna ɓoye tudu da kwari. Boyel da shifon da yadi mai santsi zubowa suke, ba sa ƙara girma amma suna lafewa a kan duk abin da suka tarar. Samfurin da aka ɗauka a hoto da ƙyalle mai zubowa ba zai taɓa fitowa haka a shadda ba, ko wane gwani ne ya ɗinka. Atamfar auduga kuma takan ja da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wankin farko, wato santimita 4 zuwa 7 a doguwar riga mai 140. A jiƙa ta, a shanya a inuwa, a goge, sannan a yanka. Shadda ba a so a jiƙa ta don ƙyallinta, sai a bar kalmasa mai zurfin santimita 5 da za a iya saukewa bayan wanki da bugu. Shafi kuwa na auduga ya fi. Na leda yana mayar da riga tukunya a bazara, kuma in an yanka shi daidai da rigar ba tare da ɗan saki ba, shi zai fara yagewa.

Game da zane-zanen atamfa, babban fure mai faɗin santimita 30 ko 40 a jikin gajeriya sau uku kawai zai bayyana, ido ya ƙirga su ya ga gajartar. Kuma tela ya shimfiɗa ƙyallen ya duba inda manyan da'irori za su faɗa kafin ya sa alli, kada biyu su zauna a ƙirji ko ɗaya a tsakiyar mazaunai. Zancen cewa ratsin tsaye yana rage ƙiba, na kwance yana ƙarawa, kada a riƙe shi kamar karatu. Tun a 1867 wani masanin Jamus, Hermann von Helmholtz, ya nuna cewa murabba'in da aka cika da layukan kwance ya fi bayyana da tsawo a ido fiye da wanda aka cika da na tsaye. Kaurin ratsin da tazararsa ma suna da nasu tasirin. A yafa ƙyallen a jiki, a ja baya taku biyar daga madubi, a duba.

Duk wannan ba ya tabbata sai da gwaji, kuma gwaji ne abin da muka yar. Ɗinki mai bin jiki ya kamata a harhaɗa shi da dogon zare na wucin gadi, mai shi ya sa, kafin a sa zif da shafi da aiki. Tela ya caji kuɗin wannan, mai kaya ya biya, don ya fi arha a kan sabon turmi. A wajen gwajin a ɗaga hannu biyu sama, a rungume hannu a ƙirji, a yi ruku'u, a zauna a ƙasa, a yi dogon taku. Tamoji kuma magana yake yi. In ya kwanta a kwance, wurin ya matse. In ya zubo a tsaye, faɗi ya yi yawa. In ya karkata, bi shi da ido, bakinsa yana nuna inda ƙyalle ya gaza. Wani abin da ke ɓata aiki a manyan shaguna shi ne yaro ya yi awo, maigida ya yanka, alhali bai taɓa ganin mai kayan ba. Lamba ba ta nuna zubabbiyar kafaɗa ko rankwafaffen baya. Mai yanka shi ya kamata ya auna, ko aƙalla ya ga mutumin a tsaye.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kayan Sallah a kai su tun Sha'aban. Akwai ma dalili na awo: wanda aka auna da la'asar a ranar ashirin ga azumi, cikinsa ba shi ne cikin da zai sa rigar bayan Sallah ba. In dole sai cikin azumin, a yi awon bayan buɗa baki. Kuma a roƙi tela ya bar rarar santimita 3 a cikin ɗinkin kowane gefe maimakon ɗaya da rabin da aka saba. Gefe biyu ne, kowanne da ƙyallen gaba da na baya, don haka sakin santimita ɗaya da rabi a kowane gefe yana ba da santimita 6 a zagaye. A atamfa ramukan allurar farko suna rufewa bayan wanki. A shadda mai ƙyalli sukan bar sawu, saboda haka ita gara a yi ta da ɗan saki tun farko, in ya so a rage daga baya.